Fotolayis: Sinadarin da ke gyara ɓarnar rana da hasken rana, da yadda masana ke sake ƙera shi

Hasken rana yana ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira hasken UV. Duk lokacin da wannan haske ya sauka a kan fatar mutum, ko ganyen shuka, ko jikin ƙwayar bakteriya, yakan yi wa zaren DNA lahani, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin kowace ƙwayar halitta. Yawancin halittu suna da wani sinadari mai suna fotolayis wanda ke gyara wannan lahani, kuma da hasken rana yake samun ƙarfin yin aikin. Ɗan Adam ba shi da wannan sinadari. Shekaru fiye da 70 bayan gano aikinsa, masana sun san yadda yake gudana dalla-dalla, kuma yanzu hankalinsu ya koma kan yadda za a sake ƙera shi, a kai shi inda ake buƙata: fatar mutum, gonar shinkafa, da magungunan kashe ƙwari.

Yadda hasken UV ke lalata DNA

Ana raba hasken UV gida uku gwargwadon tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Akwai UVA mai tsawon nanomita 315 zuwa 400, da UVB mai 280 zuwa 315, sai UVC mai 100 zuwa 280. Rufin iskar ozon da ke sararin samaniya yana tare UVC gaba ɗaya da mafi yawan UVB. Ɗan abin da ya tsallake na UVB shi ne ya fi yi wa DNA ɓarna kai tsaye.

Bayanan da ke cikin DNA an rubuta su ne da haruffa huɗu na sinadarai: A, C, G da T. Idan T biyu suna maƙwabtaka a kan zare ɗaya, ko T da C, hasken UV kan sa su manne da juna ta hanyar da ba ta dace ba. Mannewar iri biyu ce. Ta farko, wadda ake kira CPD, ita ce ta fi yawa, domin takan kai kusan kashi uku cikin huɗu na lahanin. Ta biyu ana kiranta 6-4, kuma ta fi lanƙwasa zaren.

Wannan mannewa tana hana ƙwayar halitta karanta bayananta daidai. Idan lokacin rabuwa ya zo ba a gyara ba, sai a kwafi kuskure a miƙa wa sababbin ƙwayoyi. Tarin irin waɗannan kurakurai ne ke haifar da sankarar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana a 2023 cewa mutane kusan 19,000 ne suka mutu a 2019 sakamakon nau'o'in sankarar fata da ba melanoma ba, waɗanda suka samo asali daga aiki a cikin rana, kuma mutane biliyan 1.6 ne ke fuskantar wannan haske a wuraren aikinsu.

Tarihin gano sinadarin

A 1949 wani masani ɗan Amurka, Albert Kelner, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a cibiyar Cold Spring Harbor da ke jihar New York. Ya daɗe yana mamakin yadda ƙwayoyin bakteriyar da ya haska wa UV ke mutuwa a wani gwajin, su rayu a wani, alhali adadin hasken ɗaya ne. Daga baya ya gano cewa waɗanda suka samu hasken da ido ke gani bayan gwajin su ne ke farfaɗowa, waɗanda aka ajiye cikin duhu kuma su mutu. A wannan shekarar ce Renato Dulbecco ya ga irin haka a ƙwayoyin bairos masu kama bakteriya.

A 1958 Claud Rupert da abokan aikinsa suka nuna cewa wani inzayim ne ke yin wannan aiki. Inzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki na musamman a jikin halitta ba tare da ya ƙare ba. Wannan inzayim ne aka raɗa wa suna fotolayis, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin haske da kwancewa.

Wanda ya fi kowa zurfafa bincike a kansa shi ne Aziz Sancar, likita haifaffen garin Savur na Turkiyya a 1946. Ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin Rupert a Jami'ar Texas da ke Dallas, ya kammala a 1977, kuma a lokacin ne ya ware ƙwayar gadon da ke samar da fotolayis a bakteriyar E. coli. A shekarun 1980, yana Jami'ar North Carolina, ya bayyana sinadaran da ke kama haske a cikin inzayim ɗin. A 2015 ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich, saboda bincikensu kan hanyoyin gyaran DNA.

Yadda yake aiki

Fotolayis furotin ne guda ɗaya mai ɗauke da amino asid kimanin 450 zuwa 550. A cikinsa akwai ƙananan sinadarai biyu. Na farko shi ne FAD, wanda ake samu daga bitamin B2, kuma shi ne ainihin ma'aikacin. Na biyu yana aiki kamar eriya: yana kama haske shuɗi ko wanda ke kusa da shi, ya miƙa ƙarfinsa ga FAD.

Inzayim ɗin yakan fara da nemo wurin da DNA ya lanƙwashe, kuma wannan mataki ba ya buƙatar haske. Idan ya same shi, sai ya juyo haruffan da suka manne zuwa wajen zaren, ya shigar da su wani ɗan rami a jikinsa, daf da FAD. Da zarar haske ya sauka, FAD sai ya ba su aron ilektiron guda ɗaya. Wannan ilektiron ne ke tsinka ɗaurin da ya haɗa haruffan biyu. Daga nan ya koma wurin FAD, haruffan su koma mazauninsu, inzayim ɗin kuma ya saki zaren ya nufi wani wurin. Ba a yanke komai daga DNA, ba a kuma ƙara masa komai.

Saurin aikin ya wuce misali. Dongping Zhong da tawagarsa a Jami'ar Jihar Ohio sun yi amfani da walƙiyar leza suka auna matakan, inda suka nuna cewa tsinka ɗaurin CPD da dawowar ilektiron suna kammala cikin kimanin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. An fara ganin cikakkiyar surar inzayim ɗin a 1995, aka ga yadda yake riƙe DNA a 2004. A watan Disamba na 2023 mujallar Science ta wallafa bincike biyu, ɗaya ƙarƙashin jagorancin masana a Taiwan, ɗaya a Hambug ta Jamus, waɗanda suka yi amfani da manyan na'urorin leza masu fitar da hasken eksire suka ɗauki hotunan gyaran mataki-mataki, kamar fim.

Kowane irin lahani yana da nasa fotolayis. Mai gyara CPD ƙwararre ne: a bakteriyar E. coli, cikin kowane yunƙuri goma kusan takwas suna yin nasara. Mai gyara 6-4 kuwa yakan yi nasara ne kusan sau ɗaya cikin goma, domin aikinsa ya haɗa da mayar da wani ɓangaren sinadari daga harafi ɗaya zuwa ɗayan.

Dalilin da ya sa ɗan Adam ba shi da shi

Ana samun fotolayis a bakteriya, funfuna, tsirrai, ƙwari, kifaye, kwaɗi, dabbobi masu jan ciki da tsuntsaye. Ana samunsa har a dabbobi masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki, irin su kangaru. Amma dabbobi masu shayarwa waɗanda ɗansu ke girma a mahaifa tare da mabiyiya, kamar mutum, saniya da ɓera, ba su da shi. Bayanin da masana da dama suka fi karkata a kai shi ne cewa magabatan waɗannan dabbobi sun daɗe suna rayuwar dare, don haka buƙatar sinadarin ta ragu har ya ɓace.

Abin da ya rage a jikin mutum danginsa ne, waɗanda ake kira kiriftokurom. Surarsu ta yi kama da ta fotolayis, amma ba sa gyara DNA. Aikinsu shi ne taimakawa wajen daidaita agogon jiki, wanda ke tsara lokacin barci da farkawa.

Mutum ya dogara ne da wata hanya ta dabam, ta yanke a sake. Tarin furotin ne ke haɗuwa su yanke guntun zare mai haruffa kusan 30 da ke ɗauke da lahanin, sannan a cike gurbin ta hanyar kwafa daga ɗaya zaren. Hanyar tana gyara lahani iri-iri kuma ba ta buƙatar haske, sai dai tana cin lokaci. Takan kawar da 6-4 cikin 'yan sa'o'i, amma CPD kan daɗe, har wani ɓangarensa ya kwana ya wuni a cikin fata. Muhimmancin wannan hanya ya bayyana a 1968, lokacin da James Cleaver ya nuna cewa masu cutar gado da ake kira XP ba su da ita cikakkiya. Yaran da ke da cutar sukan kamu da sankarar fata tun suna ƙanana, kuma haɗarin da suke ciki ya ninka na sauran mutane sau dubbai.

Hanyoyin da masana ke bi wajen ƙera shi

Hanya ta farko ita ce ɗaukar ƙwayar gadon fotolayis daga wata halitta a dasa a wata. A 2002 masana a Jami'ar Erasmus da ke Rotadam ta ƙasar Holan sun samar da ɓeraye masu ɗauke da fotolayis na wata ƙaramar dabba dangin kangaru. Da aka haska musu UV sannan aka ba su hasken gyara, fatarsu ta jure ƙunar rana fiye da ta sauran ɓeraye. Binciken da ya biyo baya a 2005 ya nuna cewa kawar da CPD yana rage kamuwa da sankarar fata ƙwarai. Wannan ya tabbatar da cewa CPD ne babban tushen cutar, kuma inzayim ɗin yana iya aiki a jikin dabbar da ba ta gaje shi ba.

Hanya ta biyu ita ce neman nau'in da ya fi ƙarfi a wuraren da rayuwa ke da tsanani. Masu bincike a Urugwai sun samo fotolayis daga bakteriyar yankin ƙanƙara na Antatika, wasu kuma a Ajantina sun nazarci na bakteriyar tafkunan da ke saman tsaunukan Andis, inda hasken UV ke da zafi matuƙa. Manufar ita ce samun wanda ya fi saurin aiki, ko ya fi jure zafi, sanyi ko gishiri.

Hanya ta uku ita ce sauya ginin furotin ɗin da kansa. Masana sukan canja amino asid guda ɗaya a kusa da ramin da gyaran ke faruwa, su ga abin da zai biyo baya. Gwaje-gwajen tawagar Zhong sun nuna cewa irin waɗannan sauye-sauye a fotolayis na CPD rage ƙwazonsa suke yi, alamar cewa wurin ya riga ya daidaitu sosai. Saboda haka damar ingantawa ta fi yawa a wasu ɓangarorin. Eriyar kama haske ta bambanta daga halitta zuwa halitta: ta E. coli ta fi kama haske mai tsawon nanomita 380, ta wasu bakteriya masu launin shuɗi-kore kuma kusan 440. Zaɓen eriyar da ta dace yana nufin zaɓen irin hasken da inzayim zai yi aiki da shi. Haka kuma raunin fotolayis na 6-4 ya bar fili mai faɗi ga masu son inganta shi.

Akwai dabaru biyu na zamani da suka dace da wannan aiki. Ɗaya ita ce wadda Frances Arnold ta samu lambar Nobel a kanta a 2018: a samar da dubban nau'o'in inzayim masu ƙananan bambance-bambance, a gwada su, a zaɓi mafi kyau, a sake maimaitawa. Fotolayis yana da sauƙin tacewa ta wannan hanya, domin bakteriyar da ta samu nau'i mai kyau ita ce za ta rayu bayan an haska mata UV. Ɗayar kuma ita ce tsara furotin da hasashen surarsa da kwamfuta, fannin da ya kawo wa David Baker, Demis Hassabis da John Jumper lambar Nobel a 2024.

Hanya ta huɗu ita ce ƙera abin da zai yi aikin ba tare da furotin ba. A 2004 Dipankar Sen da abokin aikinsa a Jami'ar Simon Fraser ta Kanada sun samar da wani guntun DNA mai haruffa 42, wanda ke amfani da haske ya kwance mannewar T biyu a wani zaren. Aikin ya tsaya a ɗakin gwaji, amma ya nuna cewa ana iya kwaikwayon dabarar.

Amfani a fatar mutum

A shekarar 2000 masana a Duseldof ta Jamus, ƙarƙashin Jean Krutmann, sun zuba fotolayis na wata bakteriya mai launin shuɗi-kore a cikin ƙananan kumfa na maiƙo, suka shafa a fatar mutanen da aka haska wa UVB, sannan suka ba su hasken gyara. Adadin CPD ya ragu da kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. Daga nan ne aka fara sayar da man kariya daga rana mai ɗauke da wannan inzayim, musamman ga masu tabon fata da ke iya rikiɗewa ya zama sankara. Gwaje-gwajen da aka yi a kan irin waɗannan mayuka sun nuna alamun amfani, sai dai yawancinsu a kan mutane ƙalilan aka yi su, kuma na ɗan gajeren lokaci.

Wata dabarar ita ce a sa ƙwayar fata ta ƙera inzayim ɗin da kanta. A 2013 masana a Jami'ar Debrecen ta Hungari, tare da Katalin Karikó, sun shigar da saƙon mRNA mai ɗauke da umarnin ƙera fotolayis a cikin ƙwayoyin fatar mutum da aka raina a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin sun samar da inzayim ɗin, kuma ya kawar da CPD da aka ba shi haske. Irin wannan fasaha ta mRNA ce aka yi amfani da ita daga baya a wasu alluran rigakafin korona, kuma ita ta kawo wa Karikó da Drew Weissman lambar Nobel a 2023.

Amfani a noma da yaƙi da ƙwari

A tsirrai ma an samu sakamako bayyananne. Jun Hidema da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku ta Japan sun gano cewa shinkafa irin Sasanishiki ta fi irin Norin 1 jure UVB, kuma bambancin amino asid guda ɗaya a fotolayis ɗinsu yana cikin dalilan hakan. Da suka ƙara yawan inzayim ɗin a jikin shinkafa, juriyarta ta ƙaru. A 2020 wannan tawaga, tare da Gideon Mmbando ɗan Tanzaniya, ta wallafa bincike kan shinkafar Afirka, ciki har da nau'in Oryza glaberrima wanda manoman Afirka ta Yamma suka fara nomawa a kwarin Kogin Neja. Sun tarar cewa yawancin ire-iren da suka gwada suna da rauni ƙwarai a gaban fitilar UVB, saboda nau'i da ƙarancin fotolayis ɗinsu. A binciken da ya biyo baya, sun dasa wa wannan shinkafa fotolayis mai ƙarfi, ta kuma fi jure hasken. An yi waɗannan gwaje-gwaje ne a ɗakin raino da hasken fitila, don haka gona ce za ta nuna ko juriyar za ta zama ƙarin amfani.

Akwai kuma funfunan da ke kashe ƙwari, irin su Metarhizium da Beauveria, waɗanda ake fesawa a madadin maganin guba. An gwada wani nau'in Metarhizium a kan fara a Jamhuriyar Nijar a shekarun 1990. Babbar matsalar waɗannan funfuna ita ce rana tana kashe su da wuri. A 2012 Weiguo Fang da Raymond St. Leger na Jami'ar Maryland ta Amurka sun dasa musu fotolayis na wata ƙwayar halitta mai rayuwa a ruwan gishiri. Funfunan sun fi daɗewa a rana, kuma sun riƙe ƙarfinsu na kashe sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro.

A wani fannin kuma, fotolayis matsala ne. Wuraren tace ruwa da ke amfani da fitilar UV mai tsawon nanomita 254 don kashe ƙwayoyin cuta sun san cewa wasu bakteriya kan farfaɗo idan ruwan ya fito fili ya samu rana. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙara yawan hasken da suke bayarwa, don lahanin ya fi ƙarfin gyara.

Ƙalubalen da suka rage

Babban ƙalubale shi ne isar da inzayim ɗin. Furotin ne mai girma, saman fata kuma an yi shi ne don hana abubuwa shiga. Bayan ya ratsa fata, dole ya shiga ƙwayar halitta, ya isa cibiyarta, ya kai ga DNA da ke naɗe tam a jikin wasu furotin. Na biyu shi ne ɗorewa: FAD yana rasa ƙarfinsa idan ya haɗu da iskar oksijin, zafi kuma yana lalata furotin, abin da ke da muhimmanci ga ƙasashe masu zafi. Na uku, inzayim ɗin ba ya aiki sai da haske, alhali binciken da aka wallafa daga Jami'ar Yale a 2015 ya nuna cewa CPD kan ci gaba da samuwa a ƙwayoyin da ke samar da launin fata har sa'o'i bayan an bar rana. Haka nan ba ya gyara lahanin da UVA ke jawowa ta hanyar sinadaran oksijin masu cin jiki. Sannan duk wata shuka ko funfuna da aka sauya wa ƙwayar gado tana buƙatar izinin hukuma kafin a sake ta, aikin da a Najeriya ke hannun hukumar NBMA da aka kafa a 2015.

Baƙar fata tana da kariya ta launin melanin, wanda ke tare wani ɓangare na UV kafin ya isa ga DNA, shi ya sa sankarar fata da rana ke jawowa ba ta yawaita a tsakanin baƙaƙen fata. Zabaya kuwa ba su da wannan kariya isasshiya, kuma sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke kashe su da ƙuruciya a Afirka. Su da masu cutar XP ne za su fi cin moriyar duk wani ci gaba a wannan fanni, idan an tabbatar da shi a manyan gwaje-gwaje kuma farashinsa ya sauko. Kafin lokacin, shawarar likitocin fata tana nan yadda take: a guji zafin rana na tsakiyar yini, a sa tufafi masu rufe jiki da malafa, a shafa man kariya daga rana, a kuma garzaya asibiti da duk wani gyambo ko tabon fata da ya ƙi warkewa.